Kwana Ukun da Na Ci wa Kawu Mamman

Ku da kuka tashi kuka same ni da furfura, kun saba jin mutane suna cewa Lawal Magini bai taɓa riƙe ɗan ƙwadago ranar ruwan shuka ba. Ko a wajen sunan ɗan Hadizarmu sai da wani dattijo daga Karofi ya maimaita maganar, na ga kuna kallona kuna murmushi. Na yi shiru a ranar domin taro ne. Amma maganar ba haka take ba. Na taɓa riƙe mutum ɗaya, kwana uku, kuma kwana ukun nan sun cinye masa shekara guda. Gara ku ji daga bakina, kada a rufe ni da yabon da ba duka ne nawa ba.

Mahaifina, Malam Idi, magini ne a Dutsin-Ma, amma ba shi ake kira ba idan za a ta da sabon soro na alfarma. Shi mai gyara ne. Katangar da damina ta zaizaye, zauren da ya tsage, shigifar da gara ta cinye wa azara, su ne abincinmu. Daga an kai amfanin gona gida har zuwa faɗuwar ruwa, ba ya zama. Ba mu da ma'aikata na dindindin. Manoma ne daga ƙauyuka suke shigowa da rani su yi ƙwadago, wani ya yi wata ɗaya, wani ya yi uku, kowa hankalinsa rabi yana kan aikin, rabi yana kan gonarsa. Su ke haƙo ƙasa a kududdufi, su ɗebo ruwa, su kwaɓa ta da ciyawa, su tattake ta da ƙafa har ta yi danƙo, su cura tubali su shanya. Idan Baba ya hau kan bango, su ke jefa masa tubalin ɗaya bayan ɗaya yana cafewa.

Tun ina ƙarami nake kallon yadda yake tafiyar da su, amma ban gane aiki yake yi ba, na ɗauka hira ce kawai. Ba ya kiran mutum da "kai". Kowa yana da sunan da ya raɗa masa. Idan tubali ya zo masa daidai hannu sai ka ji ya ce, "Na Karofi, hannunka da albarka," wanda ya jefa kuwa sai ya ƙara ƙaimi. Idan aka kawo fura da rana, ba ya taɓa ludayi sai masu tattaka ƙasa sun sha, domin ya ce su ne suka fi kowa ƙishirwa. Da yamma kuma, idan sun wanke ƙafa, yakan duba dugadugansu. Ƙasar gini tana tsaga ƙafa, faso ya buɗe har ya yi jini. Yana da wani ɗan gwangwani na man kaɗanya a aljihu, shi yake miƙa wa mutum ya ce ya shafa kafin ya kwanta. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, kuma ban taɓa ganin aikinsa ya kwana saboda mutane sun noƙe ba.

A cikin masu zuwa kowace shekara akwai Mamman, mutumin Ɗantutture ta ƙasar Kurfi. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, yana da jaki wanda yake ɗauko mana ƙasa da shi a mangala. Jakin nan ya sa aikinsa ya fi na mutum biyu. Tun kafin in yi wayo yake zuwa, a zaurenmu yake sauka, shi ya fara ɗora ni a bayan jaki, shi yake kawo mini goriba da aduwa a cikin hula. Ba mu haɗa jini ba, amma Kawu nake ce masa, shi kuma yana ce mini Ɗan Magini.

Karatuna bai yi nisa ba. Na yi allo, na yi 'yan shekaru a elementare, sannan na bi Baba. Da na zama saurayi sai aikin ƙasa ya fita daga raina, na tafi aikin hanya na yi rani biyu. A can na ga wani irin tsari da ya burge ni. Akwai heluma mai gajeren wando da usur a wuya. Idan ya busa a fara, idan ya busa a tsaya, ba ya sanin sunan kowa, lebura lebura ne. Na ga mutum ɗaya yana juya mutum hamsin da ɗan ƙarfen da bai kai yatsa ba, na ce a raina, ashe Baba wahalar da kansa yake yi. Da zan dawo gida na sayi usur nawa.

Shekarar da nake ba ku labari, ana saura kaɗan a ba mu mulkin kai, zafin bazara ya riga ya shigo. Wani mai sayen hatsi, Alhaji Sule, ya kira Baba ya duba shigifar mahaifiyarsa, Iya Dije. Gara ta cinye azarar, rufin ya lotsa a tsakiya. Sai an yaye shi gaba ɗaya an sa sabuwar azara, a shimfiɗa zana, a ɗora ƙasa, a bi da makuba ta ɓawon ɗorawa don kada ruwa ya ratsa. Aka kwashe kayan tsohuwa aka mai da ta ɗakin da ke kusa da madafa. Rana ta biyu da fara aikin, tsani ya goce da Baba ya faɗo a kan ƙugunsa. Maɗori ya zo ya ɗaure shi, ya ce kada ya taka ƙasa sai bayan kwana arba'in. Aka shimfiɗa masa a zauren gida. Da na shiga gaishe shi sai ya ce in zauna.

"Lawal, aikin Iya Dije ya koma hannunka. Gini ka iya shi, ba na jin komi. Abu biyu zan gaya maka. Kada ka ci sai sun ci. In ruwan shuka ya sauka kuma, ka sallame su, ko da tubali na sama bai iso hannunka ba. Ka ja zana ka ruhe abin da ya saura. Ɗaki ya iya jira, laima ba ta jira."

Na ce to. Na ce to ne irin na yaron da ya riga ya yanke abin da zai yi.

Mutum huɗu ne a hannuna: Sale da ƙanensa Ɗanjuma daga Karofi, Tanimu daga Rawayau, sai Mamman. Washegari na isa gidan Alhaji da usur a wuya. Na tara su a tsakar gida na ce daga yau idan na busa sau ɗaya a fara, sau biyu a huta, ba hira a kan aiki, ba waƙa wajen tattaka ƙasa. Suka dubi juna. Sale, wanda bakinsa ba ya ƙwari, ya sara mini kamar soja.

"Ranka shi daɗe, Heluma. In mutum zai kama ruwa sau nawa za a busa mashi?"

Suka fashe da dariya, ni kuwa na murtuke fuska. Da na busa na farko, kajin gidan suka watse, Iya Dije ta leƙo daga ɗakinta da carbi a hannu.

"Wane ɗan doka ne ya shigo mana gida? Au, kai ne, ɗan Idi? Ubanka shekara talatin yana yi mana yaɓe, ban taɓa jin ya yi kukan tsuntsu ba."

Duk wannan bai sa na dawo cikin hankalina ba. Sunan Heluma ya bi ni, ni kuma na ɗauke shi kamar sarauta. Idan aka kawo fura daga cikin gida sai in ɗebi tawa in koma gefe a inuwar zaure, domin a aikin hanya heluma ba ya haɗa ƙwarya da lebura. Na daina kiran sunaye. "Kai, kawo ƙasa." "Kai, yi sauri." Abin da ya fi muni, Mamman ma na cire masa Kawu. Na ji kunyar in kira ɗan ƙwadago Kawu a gaban Alhaji, sai na koma ce masa Mamman tsurarsa, wani lokaci ma "mai jaki". Ranar farko da na yi haka ya ɗago kai ya dube ni, kallo ɗaya, sannan ya ci gaba da sauke mangala. Shi dai bai fasa ce mini Ɗan Magini ba.

Aikin kuwa sai ya riƙa ja da baya. Ƙasar da suke tattakawa da waƙa ta yi laushi kafin hantsi, yanzu sai ta kai azahar da gudaji a ciki. Tubali ya daina zuwa daidai hannuna, sai in miƙa in kamo. Babu wanda ya ƙi umarni, babu kuma wanda ya ƙara ko taki ɗaya a kan abin da aka ce. Idan na busa hutu, Ɗanjuma yakan saki kwando a inda yake tsaye, ko da saura taku biyu ya kai. Ni kuma ganin haka sai in ƙara busa.

Ana cikin haka Alhaji Sule ya zo duba aiki tare da wasu abokan cinikinsa biyu. Ya tambaye ni yaushe tsohuwa za ta koma ɗakinta, ga gabas ta fara haɗa gira. Bai matsa mini ba, tambaya ce kawai. Ni ne bakina ya ja ni. Na ce ranar Juma'a mai zuwa Iya za ta yi sallar azahar a cikin ɗakinta, in ba haka ba a canza mini suna. Abokansa suka ce kai, yaron nan ya fi ubansa zafi. Maganar nan ta yi mini daɗi har cikin ƙashi.

Ranar Litinin mun gama jera azara, mun shimfiɗa zana, mun ɗora ƙasa a kan rabin rufin. Bayan la'asar iska ta juya. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, kafin mu tattara kaya ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muka ja tsofaffin zana da tabarmi muka lulluɓe rabin da ya rage, muka danne da duwatsu, muka fake a zaure. Ba yayyafi ba ne. Ruwa ne wanda ya jiƙa ƙasa har ya wuce tsawon hannu. Da ya ɗauke, rana ba ta faɗi ba tukuna, gari ya cika da ƙamshin ƙasa, kana jin mata suna guɗa a maƙwabta. Mutanena huɗu suka fita ƙofar gida, kowa ya sa yatsan ƙafa ya tona ƙasa ya duba. Sale ya shiga ya ɗauko buhunsa.

Na ce, "Ina za ku? Saura aikin yini biyu."

Sale ya ce, "Heluma, wanga usur na sama ya fi naka ƙara. Shi muka ji."

Na ce Baba zai ji labari. Tanimu, wanda bai taɓa mayar mini da magana ba, ya ce ai Malam Idi da kansa yake rako su bakin gari ranar irin wannan. Suka yi wa Iya Dije sallama, suka kama hanya, ko waiwaye ba su yi ba. Ban ga laifinsu ba ko a lokacin. Ban ba su wani abin da zai sa su waiwaya ba.

Saura Mamman. Yana ɗaure wa jakinsa akumari, yana sauri, domin tafiyarsa ta fi ta kowa nisa. Na tsaya ina kallonsa, ina tuna Juma'a, ina tuna abokan Alhaji. Na san zanan da muka ja za su riƙe ɗakin mako biyu ko uku. Na san tsohuwa tana da wurin kwana. Na san gonar Mamman jigawa ce, rairayi, wadda ba ta riƙe laima fiye da kwana biyu, domin ya sha faɗa a zaurenmu. Na san ba shi da ɗa namiji da ya isa riƙe sungumi, daga shi sai matarsa da 'yan mata ƙanana. Duk na san wannan. Na kuma san usur ba zai tsayar da shi ba. Sai na cire usur ɗin na sa a aljihu, na matsa kusa da shi, na sassauta murya.

"Kawu."

Hannunsa ya tsaya a kan igiya.

"Kawu, Baba yana kwance. Kowa ya gudu ya bar ni. In ɗakin nan ya rushe, sunan Baba ne ya rushe. Ba ni da kowa sai kai."

Wata guda ban kira shi da sunan nan ba. Na ajiye shi kamar tsohuwar riga, sai ranar da na ga zai yi mini amfani na ɗauko. Wannan shi ne laifina, ku riƙe shi da kyau. Ban tilasta shi ba, ban yi masa barazana ba. Na nemo wuri mafi taushi a zuciyarsa na ɗaura igiya a nan.

Ya daɗe yana kallon hanyar Kurfi. Sannan ya kwance akumarin ya ajiye.

"To, Ɗan Magini. Allah shi ba mu wani ruwan."

Da na koma gida Baba ya tambaye ni ko na sallami mutane. Na ce sun tafi. Ban yi ƙarya da baki ba, uku sun tafi. Na ce wa Mamman ya kwana a zauren Alhaji don mu riƙa farawa da wuri, alhali don kada Baba ya gan shi ne. Inna ce kawai ta lura. Da safe ta ga na ce a ƙara dumame, ta dube ni ta ce, "Cikinka ya zama biyu ne, ko akwai wanda ka hana tahiya?" Na ce aiki ne ya yi yawa. Ta ƙara, ta rufe kwanon, amma ba ta ce mini a dawo lafiya ba.

Kwana uku muka yi, ni da shi. Aikin mutum biyar ya koma kan biyu. Shi ke zuwa kududdufi, shi ke kwaɓawa, shi ke miƙo mini, idan na gaji ya hau ya karɓe ni. Ban sake busa usur ba, ba wanda zan busa wa. Abin da yake damuna har yau shi ne, a kwana ukun nan bai ɓata mini rai ko sau ɗaya ba. Ya ma koya mini abin da ban sani ba. Ya nuna mini yadda ake gane makuba ta jiƙu daga warinta, ya gyara mini bakin indararo ya ce in karkata shi kaɗan don kada ruwa ya riƙa lasar bango. Da aka kawo fura na ɗauko ƙwaryar na ajiye a gabansa, ya ce in fara, na ce shi zai fara, muka yi ta yi har Iya Dije ta ce in ba ma sha a mayar mata da abarta. Sai dai kowace safiya, kafin ya ɗauki kwando, yakan fita ƙofar gida ya tona ƙasa da yatsan ƙafa. Ranar Talata ƙasar ta manne masa a yatsa. Ranar Laraba sai da ya tona da nisa. Ranar Alhamis ya tona, ya tona, sannan ya share wurin da tafin ƙafa ya shigo.

Iya Dije ta gan shi. Ta kira ni gefe ta ce, "Ɗan Idi, wanga bawan Allah ba shi da gona ne?" Na ce yana da masu yi masa. Ta ce, "Halan," ta ci gaba da jan carbinta.

Ranar Alhamis da yamma muka shafe makuba ta ƙarshe. Ranar Juma'a tsohuwa ta yi azahar a ɗakinta, Alhaji ya dafa kafaɗata a gaban mutane. Mamman bai ga wannan ba, tun da asuba ya kama hanya.

Ruwa bai sake sauka ba sai bayan kusan mako uku. Waɗanda suka yi shuka a ruwan farko, geronsu ya tsiro ya kafa saiwa ya jure. Mamman ya isa ya tarar da gonarsa ta bushe, matarsa da yaran sun ɗan taɓa gefe guda da fartanya, iyakar ƙarfinsu. Ya jira ruwa na biyu ya shuka. Damina kuma ta ɗauke da wuri a shekarar. Geron maƙwabtansa ya nuna, nasa yana fid da kai ruwa ya tsaya, zangarniya ta bushe ba ido. Duk wannan ban san shi ba a lokacin. Ban tambaya ba. Ina Dutsin-Ma ana cewa ɗan Idi ya gaji ubansa.

Da rani ya zagayo, Baba ya warke yana ɗingishi da sanda, mutane suka fara shigowa. Wata safiya muna zaune a ƙofar gida sai ga Mamman a ƙasa, da ɗan ƙunshinsa a kai. Ya rame, wuyansa ya ƙara tsawo. Bayan gaisuwa Baba ya leƙa bayansa.

"Na Ɗantutture, ina abokin tahiyar taka?"

"Ya tsufa, Malam. Na rabu da shi."

"Jakin da na ga haihuwarsa ne ya tsufa?"

Mamman ya yi murmushi ya ce rana ta yi, bari ya je ya ga kududdufin bana. Ya tashi ya tafi. Sale yana wurin, ya iso tun jiya. Ya bari sai da Mamman ya sha kwana sannan ya ce, "Malam, jaki ya tahi kasuwa ya dawo a buhu. Da shi suka ci tuwo tun kaka. Ka tambayi Heluma ranar da Mamman ya bar garin nan bara."

Baba bai dube ni ba. Ya sallami Sale, ya ce in taimaka masa ya shiga zaure. Na zaci zai zage ni, na ma fi son ya ɗauki sandar nan ya buga mini. Ya zauna ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, ya ce in gaya masa yadda aka yi. Na faɗa masa duka. Da na zo wurin da na ce Kawu, sai ya rufe ido.

"Da mi ka riƙe shi, ka ce?"

Na maimaita.

"Shekara ashirin ina tara wanga abu a wurin mutumen nan, ban taɓa ɗiba ba. Kai ka kwashe shi rana ɗaya don a ce maka sannu." Ya buɗe ido. "Ba ni ka yi wa ba. Tashi ka same shi."

Na same shi a kududdufi yana cika kwando. Ƙasar da jaki yake ɗauka, yanzu a kansa zai ɗauka. Na durƙusa a gabansa cikin taɓo, na ce Kawu na cuce ka, na san gonarka, na san komai, na riƙe ka don bakina. Na ce akwai gero a rumbunmu, Baba ya yarda in kai masa Ɗantutture ko dami nawa yake so. Ya ajiye fartanya ya kama hannuna ya tashe ni, ya ce in daina, mutane suna kallo.

"Geron Malam na Malam ne, yana da bakunan da zai ci da su. Mun riga mun ga bayan wuyar. In kana son ka yi mani wani abu, ran da ruwa ya sauka ka zo. Hannu nike nema ran nan, ba hatsi ba."

Ranin nan ni na ɗauki kwando tare da shi. Baba yana kan bango da ƙafarsa guda da rabi, yana kiran sunaye, ni ina ƙasa ina tattaka. A nan na san abin da faso yake nufi, na kuma san daɗin a ce maka hannunka da albarka lokacin da bayanka yake neman karyewa. Sale bai daina ce mini Heluma ba har ya mutu, amma daga baya da dariya muke amsawa mu biyu.

Ruwan shuka na shekarar ya sauka muna tsakiyar gyaran wata katanga. Baba ya sallami kowa, ya dube ni ya ce, "Kai ma." Washegari muka kama hanya da Mamman tun gari bai gama wayewa ba, sungumi a kafaɗata, rana ta yi sama sosai kafin mu isa. Matarsa, Gwaggo Abu, ta fito da ƙwaryar iri. Ta san ko ni wane ne, ta kuma san abin da na yi. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Wanga ne maginin? To, Allah shi sa ya iya rami kamar yadda ya iya rufi." Ta miƙo mini ruwa na sha.

Muka shiga gona. Ni da shi muna gaba muna sara, ita da 'yan matan suna biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ban saba ba, layina ya riƙa karkacewa, yaran suna dariya a bayana. Mamman ya ce bai taɓa ganin maginin da bangonsa yake miƙe layinsa yake rawa ba. Da muka kai ƙarshen gonar muka tsaya shan iska a gindin wata gawo, sai na yi masa tambayar da ta shekara tana cina.

"Kawu, ran nan, ba ka gane abin da nake yi ba ne?"

Ya goge goshinsa da hula.

"Na gane mana. Wata guda kana ce mani mai jaki, rana ɗaya hadari ya tuna maka da Kawu? Ko jakin ya gane."

"To me ya sa ka tsaya?"

"Kai ka san da wace zuciya ka kira. Ni dai da gaske na amsa."

Na tsaya riƙe da sungumi, idona ya cika. Gwaggo Abu ta iso da ƙwaryarta ta tsaya a bayanmu tana jira. Mamman ya tofa yawu a tafin hannunsa ya gyara riƙo.

"Tsayuwar mi kake yi, Ɗan Magini? Ƙasa na shan iska. Sara."

Na sara.